Jabal Moya, dutsen da na yi shekaru ina ɓoye cewa a gindinsa aka haife ni

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni Bahaushe ne na Sudan, irin mu ne ake ce wa Takari ko Fallata anan, ban taɓa taka ƙasar Najeriya ko Nijar ba, Hausar da nake yi ta gida ce wadda na tsotsa wajen Inna, don haka in kun ga kalmar Larabci ta faɗo a tsakiya ku yi min uzuri haka bakinmu ya saba. Abin da ya sa na zauna rubuta wannan shine a 2024 wasu da muke gaisawa da su a Facebook daga Kano da Damagaram suka dinga tambayata wai ina ne Jabal Moya ɗin nan da ake ta faɗa a labarai ana yaƙi a kansa, wani ma ya ɗauka barikin soja ne. Ba bariki bane wallahi. Garinmu ne, ƙauye ne a gindin dutse, can aka yanke min cibiya, can kakannina suke kwance.

Moya da Larabcin Sudan ruwa kenan, jabal kuma dutse, to in ka fassara sunan kai tsaye Dutsen Ruwa kenan, kuma sunan bai yi ƙarya ba. In ka taso daga Hartum ka yi kudu wajen kilomita 250, kana tsakanin koguna biyu, Shuɗin Nilu ta gabas Farin Nilu ta yamma, ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya kaman faifai, ba tudu ba kwari, baƙar laka ce wadda da rani take tsagewa har ƙafar ɗan akuya ta faɗa ciki, da damina kuma ta kama tayar lori ta riƙe sai an kwana ana tono. Kana cikin tafiya a wannan filin idonka ya gaji da kallon babu, sai kawai ka hango wani abu shuɗi-shuɗi can ƙasan sama kaman hadari ya taso, kana matsowa yana rarrabuwa yana zama duwatsu, manya-manyan curi ɗaya bisa ɗaya kaman wani ne ya zauna ya jera su da hannu. Shine Jabal Moya. Daga Sinnar kilomita 30 da ɗan wani abu ne in ka yi yamma, hanyar kwalta da ta haɗa Sinnar da Rabak da Kosti ta gefensa ta bi, haka ma layin dogo. In ka hau sama ranar da babu ƙura kana hango Jabal Sagadi can arewa maso yamma shi ma tsaye shi kaɗai.

Wanda ya gan shi daga cikin mota zai ɗauka dunƙulallen dutse ne guda ɗaya, amma ba haka yake ba, tsaunuka ne da yawa a haɗe kuma a tsakaninsu akwai kwaruruka a ɓoye, sai ka bi ta wata 'yar siririyar hanya ka hau ka hau numfashinka na fita sannan fili ya buɗe maka a ciki dutse ya kewaye shi ta ko'ina kaman ganuwa. Ruwan sama in ya sauka a kan falalen ba ya ɓacewa kaman yadda yake ɓacewa a fili, yana bin tsagogi ya nutse ya taru a ƙasa, shi ya sa rijiyoyin gindin dutse suke riƙe ruwa lokacin da hafir ya ƙafe, hafir shine tafkin da ake haƙawa don tare ruwan damina. Da bazara makiyaya Larabawa da Fulani Ambororo duk nan suke gangarowa da shanu da raƙuma, ka ji kukan guga tun kafin asuba. Ruwan namu yana da ɗan gishiri-gishiri a harshe, baƙo yakan ɓata fuska in ya kurɓa, mu kuwa in muka sha na famfo a birni sai mu ji kaman ba mu sha komai ba.

Yadda muka zo wurin, Kakana na wajen uba ne ya ba ni labari da bakinsa, na same shi da rai ya tsufa tukuf idonsa ya tafi amma hankalinsa garau. Yace shi yaro ne ƙarami ana goya shi wani lokaci ana ɗora shi kan jaki lokacin da iyayensa suka baro ƙasar Hausa, bayan Nasara sun ci Sakkwato an yi yaƙin Burmi a 1903 inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada. Jama'a da yawa suka yi gabas, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja wasu har bakin Shuɗin Nilu, garin da suka kafa kudu da Sinnar har gobe sunansa Mai Wurno kuma muna da dangi a can. Namu iyayen ba su cikin ayarin farko, a hankali suka biyo baya, niyyarsu Makka. Su yi noma damina ɗaya a wuri su sami guzuri su ƙara gaba, Borno, Wadai, Darfur, Kurdufan, shekaru suna tafiya, a hanya aka haifi wasu a hanya aka binne wasu. Da suka haye Farin Nilu a Kosti sai suka tarar an shimfiɗa layin dogo sabo fil, suka bi gefensa da ƙafa don ba su da kuɗin jirgi, har suka iso wata 'yar mahatta, wato tashar jirgin ƙasa, a gindin dutse inda suka ga mutane dubbai kaman kasuwa, ana ta hawa ana sauka da kwanduna a ka.

Wani Bature ne yake tono. Kaka bai taɓa kiran sunansa ba sai dai yace Basha, sai da na girma na san sunansa Henri Welkom, haifaffen Amurka ne ya koma Ingila ya yi arziki da sayar da magani, kuma shi ya ba da kuɗin kafa ɗakin binciken cututtuka a kwalejin Gordon ta Hartum. Daga 1911 zuwa 1914 ya yi ta tone kwarin nan na cikin dutse ta arewa maso gabas, a lokacin da aikin ya fi ƙarfi ma'aikatansa sun kai wajen 4000, ka duba fa, a wurin da ko kasuwar kirki babu. Abin da suke tonowa kuwa kaburbura ne, sama da 3000 suka buɗe. Kaka yana ɗan saurayi lokacin, aikinsa ɗaukan ƙasa a kwando daga rami zuwa wajen manyan rariya inda ake tankaɗe ta a tsince duwatsun wuya da fasassun tukwane da wasu 'yan ƙusoshi na dutse da mutanen da suke sawa a leɓe. Yace min, abokina, don haka yake kirana, na ga mutum kwance da awarwaro a hannu haƙoransa na ƙasa na gaba babu an cire tun yana da rai, na ga uwa da ɗa, kuma ba ko ɗaya da ya fuskanci alƙibla. Yace Basha ya hana shan marisa, wato giyar dawa, a sansanin, yana ajiye wa ma'aikata wani abu daga ladansu sai ƙarshen aiki a ba su, kuma akwai ranar da suka ga an saki wani abu kaman akwati da igiya iska ta ɗaga shi sama, mutane suka watse da gudu suna salati, ashe na'urar ɗaukan hoto ce aka ɗaura don a ɗauki ramukan daga sama. Wannan ba tatsuniya bace, hotunan suna nan, ɗana ya nuna min su a intanet na zauna ina duba fuskokin yaran da ke ɗauke da kwando ɗaya bayan ɗaya ko zan gane shi.

Mahaifin Kaka malami ne na allo, kuma abin bai kwanta masa ba ko kaɗan. Yace tone kabari tone kabari ne ko na wane ne, mamaci yana da alfarma ko bai yi sallah ba. Amma yunwa ce a gaba, guzuri ya ƙare, mata da yara sun galabaita. Sai ya bar ɗansa ya je amma shi bai taɓa hawa ba, kuma ya sa sharaɗi, kada hannunka ya taɓa ƙashi, ƙasa kawai za ka ɗauka, in ka sauko ka yi wanka kafin ka shigo gida. Kuɗin ma daban ake ajiye su a cikin wani ɗan tandu, yace da su za a ci abinci amma ba za a je aikin hajji da su ba, na hajji sai wanda aka noma. Na daɗe ina juya wannan magana a raina, mutumin da ya yi shekaru yana tafiya a ƙasa don ya ga Ka'aba, ga kuɗi a hannu, jirgin ƙasa na wucewa ta ƙofar gidansa, amma yace a'a. Ni a ganina ya yi daidai, kuma da ya tafi da kuɗin nan da ban san wannan dutse ba.

Kafin kuɗin noman su taru matarsa ta kwanta ciwo ta rasu, aka binne ta a gindin dutse ta yamma kusa da wata aduwa. Daga nan tsohon ya daina maganar tafiya. Ya kafa rumfa ya tara yara yana koya musu karatu, Hausawa 'yan hanya irinsa suka dinga yada zango kusa da shi, wasu su wuce wasu su zauna, har 'yar unguwarmu ta zama hilla, wato ƙauye. Shi kuwa Basha yaƙin duniya na farko ya tashi a 1914 ya tafi bai sake dawowa ba har ya mutu a 1936, kayan da ya tono aka loda a jirgi zuwa Ingila, wasu ƙasusuwan suna Kambirij har yanzu. Abin da ya bari shine wani gini da ya sa aka yi da ƙatti-ƙattin duwatsu a saman kwarin, mu gidan Basha muke ce masa, yana nan tsaye. Da aikin tono ya mutu Kaka ya koma leburanci a madatsar ruwa ta Sinnar wadda aka gama a 1925, daga baya tsinkar auduga a Jazira, amma duk inda ya je damina na yi yake dawowa gonarsa ta gindin dutse.

Yarintata duk a kan duwatsun nan na yi ta. Da safe makarantar allo, da hantsi mu kora awaki sama, mu tsinki magarya da aduwa, mu ɗana wa agwada tarko a bakin kogo, in rana ta take mu shige inuwar gidan Basha mu kwanta bangon yana da sanyi kaman randa. Bayan ruwan sama ƙasa takan zaizaye ta fito da fasassun tukwane masu zane da 'yan duwatsun wuya, 'yan mata su tsinta su zura a zare, in Inna ta gani ta ƙwace ta sa a mayar, tace kayan matattu ba ya shiga ɗakinta. Noman mu na ruwan sama ne, dawa feterita da riɗi da ɗan kuɓewa, ba mu cikin masu hawasha, wato gonakin ban ruwa, in sama ta ba da mu ci in ta hana mu ɗaure ciki. A 1984 ta hana. Ina ƙarami amma ban manta ba, dawa ta fito ta kai gwiwa ta ƙone a tsaye, makiyaya suka dinga zuwa da shanu ƙashi da fata suna faɗuwa a bakin rijiya, aka dinga rabon wata dawa ta agaji daga Amurka wadda kowa ke ce wa Regan, da ita Inna ke yin kisra da tuwo. Rijiyoyi suka yi ƙasa sosai sai an ƙara igiya a kan igiya, Baba yakan shiga da kansa ya yi yasa a kwashe laka a jira ruwa ya tsatso kofi-kofi, amma ba su ƙafe ƙaf ba. Ƙauyukan fili da yawa sun tashi a shekarar, mu ba mu tashi ba. Ba a daɗe ba bayan haka Kaka ya rasu aka kai shi kusa da uwarsa, bai ga Makka ba. Baba ne ya je daga baya ta jirgin ruwa daga Sawakin da kuɗin riɗi, ya dawo yana kuka yace ya sauke nauyin mutum uku.

Yanzu ga inda nake jin nauyin faɗa. Da na kai shekara 17 na tafi Hartum neman kuɗi, na zauna a Mayo wajen wani kawuna na koyi sana'ar agashe, wato tsire, wanda duk Sudan an san namu ne. A birni na gane abu biyu ake raina mutum da su, a ce kai Fallati ne, a kuma ce kai ɗan ƙauye ne, ni kuwa na haɗa duka. Lokacin da na je neman takardar jinsiya, wato shaidar zama ɗan ƙasa, a wani ofis sai da na yi ta sintiri wata da watanni, kawo shaidar ubanka, kawo ta kakanka, wani ma'aikaci ya dube ni yace ku ai baƙi ne masu wucewa yaushe za ku ƙarasa hajjin naku ku koma. Ban iya ce masa komai ba, na fito na zauna a bakin titi zuciyata na tafasa. Tun daga ranar in aka tambaye ni daga ina sai in ce Sinnar, don Sinnar gari ne mai suna, nan ne fadar sarakunan Funj tun 1504 har Turkawa suka ci ta a 1821, ba wanda zai yi maka dariya. Jabal Moya kuwa in ka faɗa sai a ce ina ne nan, ko a ce au wajen duwatsun nan da bas ke tsayawa a sha shayi. Na yi aure na haifi 'ya'ya a Hartum, sai in shekara biyu uku ban je gida ba, in aika kuɗi kawai. Har 'ya'yana na hana su yin Hausa a waje. Inna ba ta faɗin sunana don ni ɗan fari ne, ranar da na je da yaran suka gaishe ta da Larabci ta dube ni tace, kai wannan, ka mayar min da jikoki baƙi. Maganar ta soke ni amma ban gyara ba a lokacin.

A ƙarshen 2017 na je gida saboda Baba ba shi da lafiya, sai na tarar ana ta magana wai masu tono sun dawo bayan shekara 100. Na hau in gani. Mutane ne kaɗan, malamai da ɗalibai daga Jami'ar Hartum da wasu daga wata jami'a ta Landan, ba kwanduna ba hayaniya, sun ja igiya sun yi 'yan murabba'ai suna share ƙasa da ɗan buroshi kaman mai share ido. Na tsaya daga gefe, wani ɗalibi ya taso muka gaisa, nace masa kakana ya yi wa Basha aiki a nan wurin yana yaro. Wallahi yadda yaron nan ya riƙe hannuna ya kira 'yan uwansa, ya ammu zauna ka faɗa mana, me yace, ina suke zubar da ƙasa, ina rariyar take. Abin da nake ɓoyewa shekara 20 shi mutanen jami'a suke rubutawa a littafi. Shi ya faɗa min cewa duk tonon da Basha ya yi bai wuce kashi ɗaya cikin biyar na kwarin ba, kuma wannan maƙabarta tana cikin mafi girma da aka taɓa tonowa ta makiyayan da a Afirka kudu da Sahara, mutane sun zauna a wurin dubban shekaru kafin a san za a yi wani gari wai shi Sinnar ko Hartum. Muka yi musayar lamba, bayan wani lokaci ya aiko min a WhatsApp cewa an gwada abin da suka samo, akwai dawa ta noma ba ta daji ba wadda ta haura shekara 4000. Na karanta wa Baba yana kwance a angarib, wato gadon igiya, ya yi shiru can yace, to manoma ne irinmu kenan, Allah Ya sa ruwan bai yi musu gardama ba. Tun daga nan na daina cewa Sinnar.

Ranar 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya ɓarke a Hartum cikin azumi. Mun yi makonni a ƙarƙashin gado muna jin harsashi na huda kwanon rufi, da na ga ba ci ba sha na kwashi iyalina muka bar komai, teburin agashe da firji da duk abin da na tara, muka hau bas da kuɗin da ya ninka sau nawa. Ina za mu? Ba inda muke da shi sai dutsen nan. Kowa ya bar gida gida ya bar shi ake cewa, amma ni gida bai bar ni ba, Inna ta share mana ɗakin Kaka, maƙwabta suka kawo dawa kwano-kwano, ƙanena ya yanka min gefen gonarsa. Hillar da ba ta fi gida kaɗan ba ta cika da 'yan gudun hijira, kowane gida mutum 20 ko 30, har makaranta an zauna a ciki, kuma rijiyoyin nan suka ɗauke mu duka. A wannan shekarar 'ya'yana suka koyi Hausa sosai a bakin kakarsu, babban ya koyi jan guga hannunsa ya yi kanta, ƙaramar ta san sunan kowane tsauni. Duk da tsoro, ban taɓa samun kwanciyar rai irin ta wannan damina ba.

Da Madani, babban birnin Jazira da ke arewa da mu, ta faɗi a Disamba 2023 muka san gemun ɗan uwa ya kama wuta. Dattawa suka dinga cewa me za a zo nema a wajenmu, ba banki ba masana'anta, amma direbobi sun fi su gane abin, suka ce duk wanda ya hau dutsen nan ya riƙe wuyan hanya, ya raba Sinnar da Rabak da Kosti, ya kuma leƙa hanyar Managil, a fili irin wannan mai tudu shi ne mai gani. Abin da ya tara mutane a wurin tun zamanin da shi ya jawo mana wuta. Ƙarshen Yuni 2024 masu bindiga suka shigo, kwanaki kaɗan bayan nan Sinja, babban birnin jiharmu ta Sinnar, ita ma ta faɗi. Ba zan faɗi duk abin da idona ya gani ba, akwai matan da har yau ba sa iya kwana in an kashe fitila. An kwashe awaki da buhunan dawa da iri da muka ajiye don shuka, ga damina ta kawo kai.

Baba yace ba inda za shi. Ya haura 80 ƙafafunsa sun kumbura, yace ku tafi da yara ni ku bar ni kusa da ubana. Na durƙusa a gabansa nace Baba don girman Allah, in ka zauna Inna ba za ta tafi ba, in ba ta tafi ba ni ma ba zan tafi ba, yaran nan kuma fa. Ya daɗe yana kallon dutse sannan yace a ɗauko masa carbinsa da butarsa. Muka ɗora shi a karo na jaki da daddare muka bi ta cikin gonaki ba ta kwalta ba, ruwa ya sauko laka ta kama ƙafafun karon, mu tura mu faɗi mu tashi, hanyar da bas ke yi a awa ɗaya da wani abu sai da muka kwana 3 kafin mu ga Rabak. Duk lokacin da muka tsaya hutawa sai yace a juya shi ya ga ko ana hango dutsen, rana ta biyu da hantsi ya shuɗe ya zama kaman hayaƙi, daga nan bai sake tambaya ba. A wata makaranta aka sauke mu aji ɗaya iyali huɗu. Ruwan Farin Nilu ake kawowa a tanka, Baba in ya kurɓa sai ya ture kofin yace salam ne ba ɗanɗano. Bai cika wata biyu ba ya rasu da asuba, muka binne shi a maƙabartar Rabak cikin mutanen da bai sani ba, Allah Ya jiƙansa Ya sa ya huta.

Ranar 5 ga Oktoba 2024 aka sanar sojoji sun karɓe Jabal Moya hanya ta buɗe. Ban yi gaggawa ba sai da aka ce an duba hanyoyi saboda abubuwan fashewa, sannan na bar iyali na hau wata boksi, wato motar a-kori-kura, ni da babban ɗana. Tun daga nesa na hango shi shuɗi kaman kullum kaman ba abin da ya faru, na kasa riƙe hawaye a gaban yaro. Hilla ta zama kango, ciyawa ta fi mutum tsawo a tsakar gidanmu don ba wanda ya yi noma, ƙofofi duk an ɓalle, ɗakin Kaka rufin ya rufta, allunan makaranta wasu an yi makamashi da su wasu na warwatse na tsince su ɗaya-ɗaya na jingina a bango. Ƙwansayen harsashi ko'ina har cikin garken awaki. Na je gindin aduwa, kabarin Kaka da na uwarsa suna nan ba abin da ya taɓa su, na cire ciyawa da hannu, gefensu ga filin da Baba ya daɗe yana nuna min da sanda yana cewa nan ne nawa.

Daga nan muka gangara rijiya. Ba guga ba igiya, sai da muka ƙulla rawanina da wata tsohuwar wayar lantarki muka ɗaura galan da aka yanke wa baki. Na farko da na biyu muka zubar don ganye da ƙasa, mutanen da suka riga mu dawowa sun ce sun yashe ta sun sha lafiya lau, na uku ya fito garau. Na cika jarka 2 muka ɗauko a ka har bakin kwalta.

Washegari da la'asar a Rabak na je maƙabarta ni da ƙanena da yaran, na buɗe jarka ɗaya na yayyafa a kan kabarin Baba daga kai har ƙafa a hankali har ta ƙare, ƙasar ta shanye nan take, muka yi masa addu'a. Ɗayar na kai wa Inna a ajin da muke zaune, ban ce mata komai ba na zuba a kofi na miƙa mata. Ta kurɓa ta riƙe a baki kafin ta haɗiye, ta sake kurɓa, sannan ta ɗago tace, kai wannan, ta wajen aduwa ce ko ta mahatta? Nace ta wajen aduwa ce Inna. Tace na ji, a rufe sauran da kyau kada yara su ɓarar, kuma ka nemo iri tun yanzu kafin ya yi tsada.